Daminar da Muka Yi wa Baƙo Gayya

Bana ma ruwa ya tsiro mana da halinsa. Hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kaji su fara neman mafaka, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta watsa shi, mu tashi a tutar babu. Jiya da hantsi ina zaune a inuwar rumbu ina tsintar wake, sai na jiyo gangar noma daga wajen fadama. Na tambayi jikata ko gonar wa ake wa kiɗa, ruwa bai ko zauna ba. Ta ce, "Kaka, ai gandun yamma ne, maza za su fita shara." Ta faɗe shi kamar mai cewa gobe kasuwa. Ni kuwa sai da na ajiye faifan, don raina ya ɓaci kamar yau aka yi abin. A kan idona aka yanki gonar nan, kuma da tuwona aka fara nome ta.

A lokacin ina da ƙuruciyata. 'Ya'yana biyu, Asabe tana yawo da ƙafarta, ƙaninta yana goye. Muna cikin birni tare da uwar mijina da muke kira Iya, gonarmu kuma tana bayan ganuwa, a bakin fadamar da ke kan hanyar Kakangi. Birnin Gwari ƙaramar ƙasa ce, ba mai musu. Matafiyi kan shigo ta wannan gefe ya fita ta wancan guzurinsa bai ƙare ba. Amma tamu ce. Sarkinmu namu ne, in an yi girbi mu kai masa abin da ya sauƙaƙa, in an yi rigima ya raba mu, shi ke nan. Daji ya kewaye mu, duwatsu sun tsare mana baya, kogin Mariga kuwa in ya cika ko mai doki sai ya sauka ya jira shi. Da waɗannan muke taƙama. Sai dai a yamma da mu akwai wani babban sarki wanda dawakinsa sun fi awakinmu yawa. Ba zan kama sunansa ba, tun can bakina bai so shi ba. Fatake ne ke kawo mana labarinsa tare da kanwa da gishiri: ya ci gari kaza, gari kaza ya miƙa wuya tun ba a harba kibiya ba. Kowace shekara garin da ake ambata yana ƙara matsowa kusa da mu.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fidda kai. Abin da muka girba ba ya ko cika ido, ka ɗauki dami ka ji shi sakwat. Sai ga bazara ta zo da zafin da ban taɓa gani ba. Da hantsi ƙasa ta riga ta fi ƙarfin tafin ƙafa. Rijiyar unguwarmu ta koma sai an jira ta tara, ka zura guga ya fito da rabin taɓo. Da asuba maigida zai shiga rumbu ya fiddo mini abin da za a ci, in sussuke, in sheƙe, in surfa, in durƙusa a kan dutsen niƙa, gumi na ɗiga cikin garin. Tun muna tuwo safe da dare har muka koma na dare kaɗai. Fura ta koma ruwa-ruwa, kana iya ganin ƙasan ƙwarya ta cikinta. Allah ya taimake mu ɗorawa ta yi 'ya'ya a shekarar, sai in dama wa Asabe garinta, ta sha bakinta ya yi rawaya, ta ɗauka ta ƙoshi.

Duk da wannan matsi akwai 'yan dammuna a can ƙuryar rumbu da na ce ba mai taɓa su. Na gayya ne. Ga wanda bai sani ba, haka gayya take a wurinmu: mai gona zai kira, maza su zo da fartanyoyinsu da garemaninsu, makaɗa su zo, a rufar wa gonar a gama ta rana ɗaya. Ba a biyan kowa ko wuri ɗaya. Abu biyu ne kawai a wuyan mai gona: ya ciyar da mutane har su ture, in kuma tasu gayyar ta zo ya je ya rama. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san wannan tun kafin ya iya riƙe hauya. Gidan da ba shi da hatsin gayya ba shi da bakin kiran mutane, shi ya sa nake tsaron dammunan nan kamar kaza da ƙwai.

Maigidana kuwa barde ne a fagen gayya. In ya duƙa ba a ganin ƙeyarsa sai a ƙarshen kunya, makaɗa na bin sa suna wasa shi. Ina yi masa tsiya in ce in ya ji gangar noma, ko gobara ake a gidansa sai ya ce a jira shi ya dawo. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ya yarda da gayya kamar yadda ya yarda da fitowar rana.

Cikin wannan bazara labari ya iso cewa mutanen yamma na tafe. Gari ya ruɗe. Aka yi shela kowane namiji ya fito gyaran ganuwa, mata su kawo ruwan kwaɓi. Ruwan da muke bin layi tun asuba mu samu na sha, shi muka riƙa juyewa a ƙasa ana cuɗawa da ƙafa. Maƙera suka ture fartanyoyin da aka kai musu gyara, suka koma ƙirar kibau. Mutanen ƙauyuka har daga wajen Kuyello suka fara turo tsofaffinsu cikin birni. A bakin rijiya ba a wata hira sai ta wa za a kama, wa za a sayar, yaya za a yi da yara.

Sai ga abin da muke tsoro ya iso, ashe mutum ɗaya ne da 'yan barorinsa. Jakada ne, mai jiki, mai sanyin murya, in ya wuce ka sai ka daɗe kana jin ƙanshin turarensa. Ya kawo wa sarkinmu riga da gishiri, ya ce ubangijinsa ba ya neman kome sai zumunci. Ya ce tunda damina ta kawo kai, zai zauna tare da mu har kogi ya janye. Maza suka sauko daga kan ganuwa suna kallon juna, kowa na jin kunyar kibansa. Bayan 'yan kwanaki jakadan ya roƙi a ba shi ɗan fili ya shuka gero, wai don kada shi da dawakinsa su zame wa gari nauyi. A ƙasarmu ba a hana baƙo gona. Ko mahaukaci ya zo ya ce zai yi noma, sai an nuna masa wuri.

Sarkin Noman garin ƙanin mahaifin maigida ne, muna ce masa Baba. Wata rana bayan la'asar ya zo gidanmu, na kai musu ruwa zaure, na ɗan laɓe a bayan zana don kunnena bai iya zama lafiya ba.

Baba ya ce, "An ba baƙon nan fili a bakin fadama, maƙwabcinka ne yanzu. Ba shi da hannu, barorinsa ba su san kan fartanya ba. Dattawa sun ce a yi masa gayya."

Maigida ya ce, "Wallahi Baba wannan dabara ce. Wanda ya ci gayyarka ai ya zama naka. Ta ina zai kawo mana yaƙi alhali geronsa na tsaye a ƙasarmu, guminmu na wuyansa?"

"Abin da muka hango ke nan," in ji Baba. "Mu ɗaure shi da alheri."

Da Baba ya tafi na tari maigida a tsakar gida. Na ce, "Maigida, wa zai tuƙa tuwon gayyar?"

Ya ce, "Ai baƙo ne, ba shi da rumbu, ba shi da mata a nan. Kowane gida zai kai ƙwarya."

"Mu yi noman, mu kuma kai tuwon?"

"Bana kaɗai ne, Kande. Baƙo raɓa ne."

Na ce, "Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin raɓa ta nemi gona ba."

Ya ɗaure fuska ya ce in iya bakina, maganar maza ce. Iya tana gefe tana kaɗin auduga, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yarinyar nan ta faɗi gaskiya, sai dai gaskiyarta ba ta tare doki." Haka maganar ta mutu. Na koma madafa ina hura wuta da ƙarfin da ya fi na wutar.

Ruwan bai zo ba sai da muka fidda rai. Ran da ya zo, da azahar ne. Iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, sannan aka yi wata tsawa da ta sa awaki suka tsinke igiya. Ɗigon farko manya-manya ne, suna faɗowa ƙasa tana shanye su tana huci. Sai ƙanshin nan ya tashi, ƙanshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci. Muka jera tukwane da ƙore a bakin indararo, yara suka tuɓe suka fita suna tsalle, Iya ta zauna a bakin ƙofa tana ta godiya ga Allah. A ranar har ni na manta da akwai wani baƙo a gari.

Washegari aka tuna mini. Maza suka saɓi sungumi, amma maimakon kowa ya nufi gonarsa, sai aka ce a fara da ta baƙo, a fita hakkinsa. Ɗan filin nan kuwa ashe yana da ƙafa. Wani baran jakada, dogo mai bulala, shi ke nuna iyaka. In an kai inda aka ce, sai ya ɗaga bulalar ya ce, "A ɗan ƙara, zuwa gindin majen can." In an kai majen ya ce ai da ma kukar can ake nufi. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ya isa, don wa zai yi rowar ƙasa ga baƙo? Kafin a ankara gonar ta fi gandun sarkinmu girma. Sai da laimar farko ta fara bushewa sannan maigida ya samu ya jefa namu irin, ni ina bin sa ina rufewa da diddige, ɗa a baya.

Shuka ta fito, ciyawa ta fito tare da ita, kamar kullum. Manomi ya san kwanakin noman fari 'yan kaɗan ne, in ka yi sakaci ciyawa ta riga ka, sai dai ka yi ta bin ta a baya har kaka. A daidai waɗannan kwanaki aka buga gangar gayyar baƙo. Da dare ya yi maigida ya shiga rumbu, na ji motsinsa a ƙuryar da na hana. Ya fito da dami ya ajiye a gabana bai dubi idona ba.

Na ce, "Na gayyarmu ne."

Ya ce, "Na sani. Ki yi mai kyau, kada a ce gidanmu ne ya kai abin kunya."

Na yi mai kyau. Ban iya yin mara kyau ba, ko don sunan gidan ubana. Na niƙa dawar nan lukui, na tuƙa tuwo mai sulɓi, na kaɗa miyar kuka da daddawar da na yi da hannuna, Asabe na riƙe da zanena tana haɗiyar yawu. Na ɗan gutsura mata loma biyu, na rufe sauran na ɗauka a ka.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. Maza sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan, bayansu na ƙyalli da gumi, ganguna na tashi, maigida yana can gaba ya ba kowa rata, haƙarƙarinsa a waje amma yana ta zuba aiki kamar gonar ubansa. A al'ada mai gona shi ke zagayawa yana "Sannunku da aiki", shi ke ɗaukar ƙwarya ya miƙa wa mutane, shi ke ci a ƙarshe in an rage. Wannan kuwa yana kishingiɗe a kan buzu a gindin ɗorawa, ana yi masa fifita. Da muka iso da abinci sai mai bulalar ya ce a jere ƙoren a gaban jakada. Ya riƙa buɗe faifai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar na gidan wa ne. Jakada ya gyaɗa kai, ya yi nuni da hannu, sannan barorinsa suka ɗauka suka rarraba wa manoma. Da kunnena na ji maza, cikinsu har da mijina, suna cewa, "An gode, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara arziki." Tuwona ne, miyata ce, guminsu ne, amma shi ake wa godiya. Na juya na kama hanyar gida ban ko tsaya karɓar ƙwaryata ba.

Gonar ba ta ƙare rana ɗaya ba, ba ta ƙare rana biyu ba, kullum kuma sai an kai tuwo. Da aka gama, dammunana sun tafi, sai ƙaiƙayi. Washegarin da maza za su juya kan nasu gonakin marka ta sauka. Ruwa ba dare ba rana, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke jiƙa har ƙashi. Fadama ta cika, ƙasa ta koma taɓo, in ka sa fartanya ta fito da gunduma, ciyawar da ka nome yau gobe ta sake kamawa. Namu geron ya tsaya cikin haki, ya yi rawaya, siriri kamar tsintsiya. Na baƙo kuwa, da aka nome a kan kari, ga kashin dawaki da aka zuba masa, ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi. Iyaka ɗaya ce tsakaninmu, duk wanda ya wuce sai ya dubi nan ya dubi can.

Maigida bai karaya ba. Ya ce zai kira gayya ko ba tuwo, 'yan'uwa za su yi masa uzuri, kuma ai akwai hannun da yake bi a wurin maƙwabcinsa. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi masaukin jakada. Bai daɗe ba ya dawo. Ya zauna a ƙofar ɗakin Iya da rigar a jiƙe, ya ba ta labari, ni ina madafa ina ji.

Ya ce da ya shiga jakada ya tarbe shi da fara'a, har ya ce, "Maraba da bardenmu." Shi kuma ya gaishe shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ciyawa ta ci ƙarfina. Zan kira gayya, na zo a ba ni hannu daga cikin yaranka, kamar yadda aka saba." Sai jakada ya yi 'yar dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin wadda ake wa yaro. Ya ce, "Bawan Allah, da gonata ce da da kaina zan zo in rama maka. Amma ni bara ne kamarka. Gonar ubangijinmu ce." Maigida ya ce, "Wane ubangijin namu?" Ya ce, "Na yamma mana. Tun kafin kogi ya cika na aika masa cewa mutanen Birnin Gwari sun yanka masa gandu, sun nome masa da fartanyoyinsu, sun ci da kansu, ba wanda ya tilasta su. Ya yi murna ƙwarai. To ka taɓa jin inda sarki ya rama wa talakansa gayya?"

Iya ta yi salati ta ajiye mazari. Na so in fito in ce ai na faɗa, amma da na leƙo na ga fuskarsa sai na ga ba sauran wurin da maganata za ta zauna.

Kafin magariba zancen ya game gari. Samari suka ce a je a sare geron, a kori baƙon. Dattawa suka ce wanda ya sare geron sarki ai ya kira yaƙi da bakinsa, ga mutane ba ƙarfi, ga rumbuna wayam. Wasu suka ce a bar shi, wasu suka ce barinsa shi ne amsa cewa mu talakawansa ne. Gaba damisa, baya siyaki. Baba Sarkin Noma ya daina fitowa dandali. Daga fada aka ce a yi haƙuri har kaka, a ga abin da Allah zai yi. Haƙurin nan ne ake yi har yau. Jakadu sun zo sun tafi, an yi sarakuna, an yi shekarun daɗi da na wuya, amma yaran yanzu in an buga musu ganga sai su saɓi fartanya, matansu su bi su da tuwo, a ganinsu haka aka halicci duniya. A ranar da ya dawo daga wurin jakada dai maigida ya tsaya a tsakar gida ya rantse cewa ko ƙwaya ɗaya daga gonar nan ba za ta shiga cikinsa ba, kuma bakinsa ba zai taɓa kiran wani ubangiji a yamma ba.

Sai yunwa ta shigo sosai. Yunwar tsakiyar damina daban take da ta bazara, don ko'ina ka duba kore ne, amma ba abin da za ka kai baki. Muka ci tafasa har muka gaji, muka ci rama da yaɗiya, ba ƙuli ba mai, sai 'yar toka. Muka shiga daji, mu da matan Gwari na kan duwatsu, su suka fi mu sanin abin da ƙasa ke ɓoyewa. Suka nuna mana rogon daji, yadda ake fere shi a yayyanka, a zuba a kwando a danne cikin rafi mai gudu har dafinsa ya fita. In ka yi gaggawa ka ci, sai jiri da amai. Dajin nan da marka duhu gare shi, sauro da ƙudan tsando, ƙafa a cikin laka, zane a jiƙe tun safe. Ka dawo gida itace ɗanye, ka yi ta hura hayaƙi idonka na hawaye. Nonona ya ja baya, ɗan goye ya yi ta tsotsa yana saki yana kuka. Maigida kan ɗaure ciki da igiya ya fita shi kaɗai, ya yi ta fama da ciyawar da ta riga ta ci gonar. Fartanyar da yake wasa da ita a da, yanzu sai ya ɗaga ta ya huta.

Ana cikin haka geron baƙo ya nuna. Shi ne na farko a ƙasar, kusan shi ne kaɗai. Zangarniya doguwa, cike, tsuntsaye na ta shawagi a kai. Aka girbe, aka yi shela cewa ubangiji na yamma ya ji tausayin talakawansa, duk mace mai 'ya'ya ta zo da ƙwarya da yaranta a auna mata. Abu ɗaya ne sharaɗi, sai ka durƙusa ka yi masa addu'a da babbar murya.

A bakin rijiya mata suka ce Allah ya kiyaye, gara mutuwa. Washegari na ga biyu daga masu cewa haka sun bi ta bayan gida da ƙwarya a cikin mayafi. Ban zarge su ba, amma na ce ni kam ba da ni ba. Na daure kwana da kwanaki. Abin da ya karya ni, wata safiya na lura Asabe ba ta nemi abinci ba. Da tana bi na tana kuka tana jan zanena, har in daka mata tsawa. Ranar kuwa ta zauna a jikin turmi ta yi shiru, ƙuda na sauka a bakinta ba ta kora. Kukan yaro da sauƙi a kan wannan shirun.

Maigida na gona. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙwarya. Iya na kwance tana kallona, ta juya fuskarta bango, sannan ta ce, "In za ki je, ɗauki babbar."

Layin ya yi tsawo, amma ba ka jin ko gaisuwa. Matan da muka yi rantsuwa tare kowa ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta. Mai bulalar nan ne ke tsaye a kan tulin gero. Mace za ta matso ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin ubangijinmu na yamma." Shi kuma ya amsa da ƙarfi, "Amin!" Sai ya amsa sannan a zuba. In muryarki ba ta fito ba ya ce bai ji ba, ki sake. Asabe na riƙe da hannuna, tana kallon kowace mace har aka zo kaina. Na durƙusa a cikin laka na faɗa, kuma sau ɗaya na faɗa ya ji. Aka zuba mini geron da mijina ya noma, sabo, da ɗumin rana a jikinsa.

Ina isa gida na surfa, na daka, na dama kunu, don cikin da ya daɗe wayam ba ya ɗaukar tuwo. Ƙanshin sabon gero ba ya ɓoyuwa, tun daga zaure maigida ya ji shi. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa, ya tsaya a kaina.

"Kande, daga ina?"

Na ce, "Daga gonar da ka noma."

Na zuba kunun a ƙoƙo, na fifita, na sa wa Asabe a hannu. Sai yarinyar nan ta ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali. Ta dafa turmi ta juya wajen ubanta, don shi ne namijin da ke tsaye, ta durƙusa a gabansa. Da 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Allah ya ja zamanin ubangijinmu na yamma."

Na ce, "Asabe, sha mana." Ba ta ko dube ni ba. Iya ta ce, "Sha, 'yar nan, naki ne." Ta ƙi. Ta gani da idonta ba a ba kowa kome sai an amsa. Tana durƙushe, idonta a kan bakin ubanta, kunun na hucewa a gefenta.

Maigida ya dubi Iya, ya dube ni, ya dubi yarinyar. Ya sauke fartanyar daga kafaɗarsa ya jingine ta da rumbu.

Ya ce, "Amin."

Sannan ta ɗauki ƙoƙon da hannu biyu ta kafa kai.